Takunsa ya canza, bakinsa na cewa ba komai

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a unguwar Pantami a nan Gombe, shekararmu shida da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi. Tun ina amarya nake gane halin da ya dawo da shi kafin in ga fuskarsa, daga yadda ya kafe mashin a zaure da yadda ya tako tsakar gida. Wata biyu ke nan takunsa ya canza. Yana shigowa yana jan ƙafa, kafaɗu a zube, ya zauna ya zuba tagumi. In na tambaye shi sai ya kau da kai yana shafa ƙeya ya ce ba komai. Wayarsa kullum a kife, in an kira sai ya fita waje. Na ga bidiyoyi a TikTok suna cewa kau da ido da shafa wuya alamar maƙaryaci ce, ƙawata kuma ta ce ko tantama babu aure yake nema. Ni ma na daina sakar masa fuska, abinci ma dangwarar masa nake yi. Shekaranjiya ya ce wai ni ce na canza. Bai taɓa zagina ko ɗaga mini hannu ba. Anti, jiki yana ƙarya? In tsare shi sai ya faɗa mini gaskiya, ko in tafi gidanmu ya biyo ni?

Maman biyu, Pantami

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, cire mayafin nan ki zauna, ba inda za ki tukuna. Yaji magani ne mai ɗaci, kuma ana shan sa ne a kan ciwon da aka san sunansa. Ke har yanzu ba ki san sunan abin da ya shigo gidanki ba.

Kin tambaye ni ko jiki yana ƙarya. Da wuya ya yi. Na yarda da idonki da kunnenki cewa wani abu ya sami mutumin nan, kuma ba ƙarami ba ne tunda har ya kai wata biyu. Inda muka rabu da ke shi ne wajen fassara. Abin da jikinsa ya gaya miki shi ne yana ɗauke da buhu mai nauyi. Abin da ke cikin buhun kuwa, ke da ƙawarki da masu bidiyo ne kuka zuba shi da hannunku, kuka ɗinke bakin, kuka rubuta "kishiya" a jiki.

Bari in fara da inda kike da gaskiya, don yana da faɗi. Gane halin mutum daga motsinsa baiwa ce da Allah ya dasa a ƙwaƙwalwar ɗan Adam. A shekarar 1973 wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin, Gunnar Johansson, ya fitar da sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Ya liƙa ƙananan fitilu kamar goma sha biyu a gaɓoɓin mutum, kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu da ƙugu da gwiwa da idon sawu, ya ɗauki hotonsa mai motsi a cikin duhu. Muddin mutumin bai motsa ba, mai kallo ba ya ganin komai sai ɗige-ɗigen haske a warwatse. Da ya ɗaga ƙafa, kafin daƙiƙa ɗaya ta cika kowa ya ce ai mutum ne yake tafiya. Waɗanda suka ɗora a kan aikinsa sun tarar daga ɗigon hasken nan kaɗai mutane kan iya shaida abokinsu, kuma sau da yawa su gane mai motsin fushi yake yi, ko murna, ko baƙin ciki. Babu fuska, babu murya, babu riga.

Mu nan ba sai an kunna mana fitila ba. Wace uwa ce ba ta hango ɗanta da magariba cikin hazon hunturu, tun yana bakin layi, ta ce yau an taɓa yaron nan a makaranta? Dubi kuma yadda bakinmu ya cika da wannan sani: jikinsa ya yi sanyi, gwiwarta ta sage, ya shigo fuu, ta maƙe kafaɗa, yana taƙama, tana rangwaɗa. A wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa ma, Alƙur'ani ya ambaci karkatar da kunci ga mutane da tafiyar taƙama a bayan ƙasa, don girman kai a wuya da ƙafa yake fara bayyana kafin ya iso harshe.

Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma wani lokaci jiki ya fi fuskar iya ba da labari. A 2012 Hillel Aviezer da abokan aikinsa sun nuna wa mutane hotunan ƙwararrun 'yan wasan tanis a daidai lokacin da suka ci maki ko aka ci su. Waɗanda aka nuna wa fuska kaɗai sun kasa raba mai nasara da mai asara, saboda a tsananin murna da tsananin takaici kusan iri ɗaya fuska take yamutsewa. Waɗanda aka nuna wa jiki ba fuska sun raba su. Don haka in kin ce tun daga zaure kika ji canji, ban ɗauke ki mai ƙirƙira ba.

To ga inda baiwar ta tsaya. A 2001, a Jami'ar Glasgow ta Birtaniya, Frank Pollick da abokan aikinsa sun sa mutane su ƙwanƙwasa ƙofa ko su ɗaga kofi su sha, kowane karo cikin wani yanayi daban: fushi, tsoro, murna, gajiya, baƙin ciki, raunin jiki da sauransu. Aka nuna wa masu kallo motsin hannun kawai, da irin ɗigon hasken nan. Abin da ya fi fitowa fili shi ne zafin motsin ko sanyinsa. Hannun mai fushi da sauri yake tafiya, a fizge. Na mai baƙin ciki da na mai gajiya da na mai rauni kuwa duk a sanyaye suke, kusa da juna.

Ki riƙe wannan da kyau. Wanda ya wuni a rana a kan lodin buhuna, da wanda ciwo ke ci a hankali, da wanda ake bi bashi, da wanda ya yi abin kunya, da wanda aka yi wa rasuwar da bai gama haɗiyewa ba, dukkansu da taku ɗaya suke shigowa gida. Ido yana ganin nauyin. Dalilin kuwa zuciyar mai kallo ce take cikewa, kuma da abin da ta fi tsoro take cike shi. Mace mai shekara shida a ɗaki da 'ya'ya biyu, a garin da kusan kowace Asabar ake ɗaura wa wani aure na biyu, ba sai na tambaye ki abin da kika fi tsoro ba.

Su kuwa masu bidiyon nan ina jin zafinsu ƙwarai, don da gidajen mutane suke tara mabiya. Kau da ido da shafa wuya ba sa nuna maƙaryaci. An daɗe ana gwada wannan. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara gwaje-gwaje sama da 200 da aka yi da mutane fiye da 24,000, inda ake nuna wa mutum wani yana magana, a ce ya faɗi gaskiya yake yi ko ƙarya. Abin da aka dace da shi kashi 54 ne cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai sami kashi 50. Waɗanda aikinsu ke nan, irin su 'yan sanda, su ma ba su ba sauran jama'a wata tazara ba. Kafin nan, a 2003, DePaulo da wasu sun bi alamomin da ake jingina wa ƙarya ɗaya bayan ɗaya, suka tarar kau da ido ba abin dogaro ba ne. Gwanin ƙarya ya san kina jiran ya sunkuyar da kai, don haka tsakiyar idonki zai kalla. Mai gaskiyar da aka tsare da tuhuma shi ne zai iya daburcewa, ya yi gumi, ya shafa ƙeya, domin tsoron kada a ƙi yarda da kai da tsoron kada a kama ka kamanninsu ɗaya a jiki. Paul Ekman, da ya yi suna a nazarin fuska, shi da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan kuskure.

Ban da haka, masu bidiyon ba su san Gombe ba. A inda aka ƙirƙiro waɗannan dokoki, yaro ake cewa ya kalli babba ido cikin ido in yana magana. Mu kuwa wanda ya yi haka cewa ake ba shi da kunya. Mijinki tun yana ƙarami aka koya masa cewa in magana ta yi nauyi a sunkuyar da kai.

Ni na sha wannan darasi da hawaye. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, Bafillatana ce 'yar Dukku, mijina kuma shi ne ɗanta na fari. Na san kunyar ɗan fari, a gidanmu ma ana yi, amma ban taɓa ganin mai tsanani irin tata ba. In ya shiga gaishe ta sai ta juya masa gefe. Ba ta kallonsa, ba ta faɗin sunansa, amsarta ba ta wuce "lafiya" biyu. Ni ma da na zama matarsa sai kunyar ta shafe ni, ƙannensa take hira da matansu, ni in na shiga sai ta ja mayafi. Kusan shekara guda na yi ina kuka a ɓoye, na gama yanke cewa auren ne ba ta so. Sai ya yi haɗarin mota aka kwantar da shi. Matar nan ko ɗakin da yake ba ta leƙa ba, amma kwana uku ta yi a kan sallaya a bayan ɗakinta, ruwa kawai ke shiga cikinta. Wata gwaggonsa ce ta zaunar da ni ta warware mini abin da ake kira fulaku, ta ce wanda aka fi kau wa kai shi ne wanda ya fi zama a rai. Duk abin da idona ya gani a shekarar nan gaskiya ne. Ta juya gefe, ta ja mayafi. Labarin da na ɗora a kai ne ya cuce ni, kuma ya sa na yi mata rowar kyautatawar da har yau nake da-na-sanin ban yi ba.

In ma fassarar za mu yi, sake karanta abin da kika rubuto. Kafaɗu a zube, jan ƙafa, tagumi. Na ga maza masu neman aure da yawa, 'yan uwa da maƙwabta. Abin da na saba gani shi ne sabon ɗinki, aski a kai a kai, turare da yamma, taku ba nauyi, fara'ar da ba a san mafarinta ba, wani ma har ya ƙara wa uwargida kyautatawa don zuciyarsa na damunsa. Siffar da kika zana ta fi kama da ta wanda aka kayar. A gasar Olamfik da ta nakasassu ta 2004 a birnin Atens na Girka, an ɗauki hotunan 'yan kokawar judo a daidai ƙarshen karawa, Jessica Tracy da David Matsumoto suka nazarce su. Har waɗanda aka haifa makafi, da ba su taɓa ganin yadda wani yake yi ba, in sun yi nasara sai su ɗaga hannu su buɗe ƙirji, in an kayar da su sai kafaɗa ta zube ƙirji ya shige ciki. Da ita ake haihuwar mutum, wannan siffa ta faɗuwa da kunya.

Kin fi ni sanin sana'ar mijinki. Da kaka ake bin kasuwannin ƙauye a sayi masara da wake da gero, a tara a sito, a jira farashi ya tashi. Sau da yawa kuɗin ba na mutum shi kaɗai ba ne, akwai na yayye da abokai da tsofaffin unguwa da suka ba shi ya juya musu. Shekarar da farashi ya ƙi tashi, ko ƙwari suka shiga wake, ko wanda aka ɗora wa mota ya kai Kudu ya kashe waya, to ɗan kasuwa ya shiga uku, don asarar dukiya ce haɗe da zubewar mutunci. Wayar da ake kifewa, kiran da ake fita waje a amsa, budurwa na sa haka, mai bin bashi ma yana sawa. Kuma namijin da aka rene shi a kan cewa namiji ba ya kuka, matarsa ce mutum ta ƙarshe da zai so ta san ya karye. "Ba komai" ɗin Bahaushe ma'anarta da yawa. Tana nufin ba zan iya faɗa yanzu ba, tana nufin ba na son hankalinki ya tashi, tana nufin kunyarki nake ji.

Akwai kuma batun lafiya, kada ki raina shi. A 2009 Johannes Michalak da abokan aikinsa a Jamus sun auna tafiyar masu ciwon damuwa, suka tarar sun fi sauran mutane jinkirin taku, hannuwansu ba sa lilo sosai, jikinsu a ranƙwafe. Ciwo ne na gaske mai magani, ba raunin imani ba. Ki lura da barcinsa da cin abincinsa. Yana farkawa tsakar dare ya kasa komawa? Yana rama? Ya daina abin da a da yake jin daɗinsa, kamar zuwa majalisa ko wasa da yara? In irin wannan ya wuce mako biyu a jere, likita ya kamata ya gan shi, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya ga Asibitin Ƙwararru duk a cikin gari. A auna har da hawan jini da sukari da yawan jini, don su ma suna saukar wa mutum da kasala. In kuwa kika taɓa jin ya ce gara ma ya mutu ya huta, to ranar nan ba a kwana, ki kira babban ɗan uwansa a tafi asibiti.

Ba zan rufe ki ba, yana yiwuwa ƙawarki ta canka daidai. Akwai namijin da ya yanke shawarar ƙara aure ya rasa ta inda zai fara gaya wa matar da yake ganin girmanta, sai abin ya zame masa nauyi. Amma ƙawarki ba ta da hujjar da ta fi taki, ke ma ba ki da wadda ta fi tagumi da kifaffiyar waya. Ko da hakan ne, daga bakinsa ya kamata ki ji, kina zaune a ɗakinki da mutuncinki, ki san abin da za ki nema da abin da ba za ki lamunta ba. Ki dakatar da kai wa ƙawar nan rahoto. Ban ce muguwa ce ba, amma duk ranar da kuka zauna sai kin tashi da ƙarin mudu a buhun nan.

Yanzu in juyo kanki, ki yi haƙuri. Da ya ce kin canza, gaskiya ya faɗa. Shi ma yana da ido da kunne irin naki. Dangwarar da kwano kuma ba ta cikin motsin da ake ruɗewa a kansu, tana cikin masu zafin nan da kowa ke ganewa nan take. Ya ga fushin sarai, dalilin ne bai sani ba, don haka shi ma zuciyarsa za ta cike masa da abin da ya fi tsoro. A ce karyewar jari ce ke damunsa, me kike zaton zai karanta a ƙarar kwanon nan? Zai ce ta gane ba ni da shi, ta fara raina ni. Sai ya ƙara rufe baki, ke kuma ki ga ƙarin hujja, ki ƙara haɗe rai. Mutum biyu a gida ɗaya, kowa na karanta jikin ɗan uwansa daidai yana fassara shi a karkace. Na ga auren da ya mutu a kan wannan, aka zo sulhu aka rasa laifin da za a kama.

Ga aikin da zan ba ki na kwana uku, da baiwar nan taki za ki yi shi. Ki duba ko nauyin nan yana bin sa ko'ina. Yaya yake in yaran sun rugo sun rungume shi? Yaya muryarsa in yana waya da Hajiyarsa? Ki leƙa ki ga takunsa in zai tafi masallaci, inda bai san kina kallo ba. In ko'ina a sanyaye yake, kayan daga waje ya ɗauko su, ke dai kin fi kowa kusa ne shi ya sa kika fi jin nauyin. In kuwa da kowa yana sakewa sai ya gan ki yake tsukewa, to maganar tsakaninku take, kuma nan ma ba lalle aure ba ne, yana iya zama wata kalma da kika faɗa kika manta shi bai manta ba. Wayarsa dai kada ki taɓa. Ayar nan ta Suratul Hujurati da ta ce mu nisanci da yawa daga zato, ita ce kuma ta hana bin diddigin sirrin juna. Lura da mijinki kulawa ce, buɗe masa waya yana barci kuwa wani abu ne daban, kuma rabin saƙon da za ki gani a can wani sabon buhu ne da za ki cika da kanki.

Bayan nan sai tambaya, kuma muna da abin koyi. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Nana A'isha cewa yana gane lokacin da take jin daɗinsa da lokacin da take fushi da shi. Ta tambaye shi ta yaya. Ya ce in tana jin daɗinsa da Ubangijin Muhammadu take rantsuwa, in tana fushi sai ta rantse da Ubangijin Ibrahimu. Ta amsa cewa haka ne, amma sunansa kaɗai take ƙaurace wa. Dubi yadda abin ya gudana. Ya san yadda take a kullum, shi ya sa ya gane canjin. Ya faɗa mata abin da ya lura da shi cikin taushi, ba tuhuma. Sannan ya bar ta ita ta faɗi abin da ke ranta, amsar kuma ta zo da abin da ya fi daɗi.

Kada ki tare shi a bakin ƙofa, kada a gaban yara, kada yana jin yunwa. Bari bayan isha'i, ya ci ya sha, yara sun yi barci. Ki zauna a gefensa, ba gaba da gaba ba. Ki duba yadda maza ke zama a benci a majalisa, kafaɗa da kafaɗa suna kallon titi, a haka bakinsu ya fi buɗewa. Ki fara da naki laifin, don shi ne mabuɗin: "Abban yara, ka ce na canza, gaskiya ne, ka yafe mini. Tsoro ne ya sa ni." Sai ki faɗi abin da kika gani, ban da abin da kika yanke: "Wata biyu ke nan ina jin takunka ba irin na da ba. Ba ka cin abinci kamar da, ina ganinka da tagumi. Ko mene ne, na fi son in ɗauka tare da kai a kan in zauna ina zato." Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi tsawo, zai dame ki, kada ki cike shi. Kalmar kishiya kada ta fito daga bakinki a daren nan, don tana fitowa hirar ta tashi daga abin da ke damunsa ta koma kare kai.

Yana iya sake cewa ba komai. Kada ki yi tsaki, kada ki tashi fuu. Ki ce, "To, Allah ya sa haka. Duk ranar da ka so faɗa ina nan." Maza da yawa ba a zaman farko suke magana ba, sai bayan kwana biyu, cikin duhu, suna kallon rufi. In mako biyu suka wuce babu motsi, ki sami mutum ɗaya da yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, yayansa ko amininsa na ƙuruciya, ki ce masa yanayin ɗan uwansa ya dame ki, ya taimaka ya bincika. Damuwa za ki kai, ba ƙara ba. In duk an yi wannan ya ci gaba da rufe ki har zaman ya gagara, lokacin ne za a sa manya a zauna, ke kuma kin fita haƙƙinsa.

Kalma ɗaya ga wata da ke karanta wannan, wadda abin da take ji a takun mijinta shi ne duka na tafe. 'Yar uwa, wannan shawarar ba taki ba ce. Ke ki yarda da faɗuwar gabanki, ki kwashe yaranki ki isa inda za a kare ki, a yi bincike daga baya. Maman biyu ta ce nata bai taɓa ɗaga mata hannu ba, shi ya sa na ce ta zauna.

Ƙanwata, ki rubuto mini bayan kun yi maganar, ko me ya fito, ina son in ji. Yau dai in kin ji ya kafe mashin a zaure, ki tashi ki tare shi da ruwa mai sanyi, in kin kawo abincin kuma ki durƙusa ki ajiye kwanon a hankali. Zai ji bambancin tun kafin ki buɗe baki.